Wa Muke Yi Wa Dariya? Sharhi a Kan Malboliyo da Ingilar Zamanin Shekisfiya

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar muhawara da ta tashi a taronmu na ƙungiya, ranar da muka karanta wasu sassa na wasan Daren Sha Biyu, watau wasan Shekisfiya wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da shi Hausa aka buga a 1971. Da aka zo inda Malboliyo ya shigo gaban uwargijiyarsa da safa ruwan ɗorawa yana ta yaƙe haƙora, sai zauren ya kaure da dariya, har da masu riƙe ciki. Bayan an natsa, wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce ai jigon wasan a fili yake, girman kai rawanin tsiya, aka yi masa tafi aka tashi.

Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma ɗaki na sake bin wasan a tsanake, sai dariyar ta soma yi mini ɗaci. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne in nuna cewa girman kai kaɗai bai isa ya bayyana abin da aka yi wa mutumin nan ba. Babban laifinsa a idon mutanen gidan shi ne bara ne ya ɗaga kai ya hango kujerar iyayen gidansa, kuma ba za a gane nauyin wannan laifi ba sai an san yadda al'ummar Ingila take a wajen shekara ta 1600. Zan kira 'yan wasan da sunayensu na asali gwargwadon yadda harshenmu zai iya furta su.

Taƙaitaccen labari

Don amfanin wanda bai karanta ba, ga gundarin abin. Olibiya 'yar sarauta ce wadda mahaifinta da wanta suka rasu suka bar mata gida da dukiya. Malboliyo shi ne sarkin gidanta, mai riƙe da mabuɗai da lissafi da kula da barori. A gidan akwai danginta Sa Tobi, mashayi wanda ba shi da aikin fari balle na baƙi, da abokinsa Sa Andiru, wani dolo mai kuɗi da Sa Tobi yake tatsa da sunan zai aura masa Olibiya. Wata rana da tsakar dare suna shaye-shaye da waƙe-waƙe, Malboliyo ya fito ya tsawata musu da yawun uwargida. Don su rama, sai Mariya, mai yi wa Olibiya hidima, ta kwaikwayi rubutun uwargijiyarta ta jefar da wasiƙa a hanyarsa, wasiƙar da ta sa ya zaci Olibiya sonsa take yi. Ya bi umarnin da ke ciki, ya yi shigar ban dariya, aka ce ya haukace, aka kulle shi a ɗaki mai duhu. A ɗaya gefen kuma akwai labarin tagwaye, Bayola da Sabastiyan, waɗanda hatsarin jirgin ruwa ya raba, har Bayola ta yi shigar maza ta kama aiki a fadar Osino. A ƙarshe Osino ya auri Bayola, Olibiya ta auri Sabastiyan, Sa Tobi ya auri Mariya. Malboliyo kaɗai ya fita cikin fushi yana alwashin ramuwa a kan kowa da kowa.

Marubucin ya ce abin ya faru ne a Iliriya, wata ƙasa a gaɓar tekun Adiriyatik, amma kada wannan ya ruɗe mu. Gidan Olibiya, da barorinsa da giyarsa da rigingimunsa, gidan wani babban mutum ne na Ingila sak.

Kowa da matsayinsa

An rubuta wasan a wajen 1601, a ƙarshen mulkin Sarauniya Alizabet ta Ɗaya, wadda ta yi sarauta daga 1558 zuwa 1603. Mutanen Ingila a lokacin sun kai kimanin miliyan 4, birnin Landan kuwa yana da wajen mutum 200,000. Wani limamin coci mai suna William Harrison, a littafinsa na bayanin ƙasar Ingila da aka buga a 1577, ya kasa mutanen ƙasar kashi huɗu. Na farko su ne masu asali, tun daga manyan sarakai zuwa masu laƙabin "Sa" da sauran 'ya'yan manya waɗanda ba sa aikin hannu. Na biyu attajiran birane, na uku manoma masu gonar kansu, na huɗu kuwa masu sana'ar hannu da 'yan ƙodago, waɗanda ake mulka ba sa mulki. A coci ana wa'azi cewa wannan jeri daga Allah yake, kuma wanda ya nemi tsallake matakinsa ya yi wa tsarin duniya tawaye.

Abin bai tsaya a wa'azi ba, har da doka, kuma dokar ta shiga har cikin adakar tufafi. A 1574 Sarauniya ta fitar da shela wadda ta zayyana irin yadin da kowane mataki zai sa, aka kuma sake irinta a 1597. Yadin da aka saƙa da zaren zinariya na manyan sarakai ne. Babbar rigar karammiski kuwa, in ka cire wasu 'yan kaɗan da aka togace, ba ta halatta ga wanda bai kai matakin masu laƙabin "Sa" da 'ya'yan sarakai ba. Tun a 1571 ma an yi dokar da ta tilasta wa talakawa maza, daga ɗan shekara shida zuwa sama, sa hular ulu saƙar gida ranar Lahadi da ranakun idi, don a raya masaƙan ƙasa, alhali an ɗauke wa manya wannan. Watau ana so in ka hango mutum daga nesa ka san ko ɗan wane ne tun bai buɗe baki ba.

To, ruwa ba ya tsami banza. Ba a yawaita shela a kan abin da kowa yake bi. Gaskiyar magana ita ce matakan sun soma cakuɗewa. Daga 1536 zuwa 1540 Sarki Henri na Takwas ya rushe gidajen sufayen Kirista ya ƙwace filayensu, aka yi ta sayar da su ga duk mai kuɗi. Lauyoyi da fatake da 'ya'yan manoma da suka yi karatu suka sayi gonaki suka shiga sahun manya. Wani marubuci mai zafin addini, Philip Stubbes, ya yi kuka a littafinsa na 1583 cewa tufafi sun rikice har ba a bambance mai asali da wanda ba shi da shi. A 1604 aka soke dokokin tufafin gaba ɗaya, a 1611 kuwa Sarki Jemis na Ɗaya ya ƙirƙiro wani sabon muƙami na gado ya riƙa sayar da shi a kan fam 1,095. Saboda haka wasan nan ya fito ne a lokacin da masu asali suke cikin fargabar masu tasowa, kuma mai fargaba ba abin da ke sanyaya masa rai kamar ya ga an kunyata wanda yake tsoro.

Mafarkin Malboliyo

Da wannan a zuciya, mu koma lambun Olibiya. Tun kafin Malboliyo ya ga wasiƙar, mun same shi yana magana shi kaɗai, su Sa Tobi suna laɓe suna ji. Me yake mafarki? Yana ganin kansa ya auri uwargida ya zama basarake, yana zaune a kujerar mulki cikin rigar karammiski mai ado, ya aika barori su kirawo masa Sa Tobi, shi kuma ya zo ya rusuna, a yi masa faɗa a kan shan giya. Mu a nan rigar karammiski ado ce kurum, shi ya sa muka wuce ta ba mu lura ba. Ɗan kallo na 1602 kuwa ya san rigar nan ta fi ƙarfin bara a doka. Haka kuma a daren rigimar, makamin da Sa Tobi ya soke shi da shi bai shafi gaskiya ko rashinta ba, don ya san su ne da laifi. Tuna masa ya yi cewa shi bara ne, ya je ya goge sarƙar muƙaminsa. Ma'ana, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Ba na cewa Malboliyo mutumin kirki ne da za a so zama da shi. Yana da ɗagawa, ya wulaƙanta Feste wawan gida a gaban uwargida, ya kai ƙarar Fabiyan a kan wasan cuna wa dabbar beyar karnuka, kuma a mafarkinsa ba Olibiya yake so ba, kujerarta yake so. Ita kanta ta gaya masa son kai ya yi masa yawa. Ɗan'uwan da ya ce girman kai rawanin tsiya bai yi ƙarya ba. Amma laifi tudu ne. Wane ne a wasan nan bai ruɗi kansa ba? Osino yana ta kukan son matar da ta sha gaya masa ba ta sonsa. Olibiya ta yi alkawarin zaman makoki shekara bakwai, ta karya shi ranar da ta ga saurayi kyakkyawa. Sa Andiru, wanda ko magana bai iya ba, shi ma Olibiyar yake nema, kuma wautarsa ta ninka ta Malboliyo. An cinye masa kuɗi, an fasa masa kai, amma ba wanda ya ce neman nasa hauka ne, domin yana da laƙabi da kuɗin shiga dukat 3,000 a shekara. Buri ɗaya ne, a wurin mai laƙabi ya zama wauta, a wurin bara ya zama hauka.

Wani zai ce, ai Olibiya ma bara ta so, tun da Bayola a matsayin yaron Osino ta zo mata. Haka ne, amma a duba dabarar marubucin. A haɗuwarsu ta farko Olibiya ta tambayi asalin yaron, aka tabbatar mata ɗan manya ne wanda duniya ta juya wa baya. A ƙarshe kuma Osino ya sake kwantar mata da hankali cewa mijin da ta aura jinin girma ne. Watau bautar tagwayen rigar aro ce, da an tuɓe ta asali ya bayyana.

Wani kuma zai kawo Mariya, wadda ta tashi daga hidima ta zama matar mai laƙabi ba wanda ya ce uffan. Amsar tana cikin dokar aure ta Ingila ta wancan zamani. Mace takan ɗauki matsayin mijinta, kuma dukiyarta takan shiga hannunsa. In mace ta hau, mai gida yana nan a mai gidansa. In kuwa bara ya auri uwargijiyarsa, to gida da gonaki da barori da dangi duk sun koma ƙarƙashinsa. Irin wannan aure ya taɓa faruwa. Katherine Willoughby, matar marigayi basaraken Suffolk, ta auri Richard Bertie, ɗaya daga cikin ma'aikatan gidanta, a wajen 1553. Amma yadda jama'a suke jin abin ya fito a wasan John Webster na wajen 1613 a kan wata basarakiya ta Malfi a Italiya, wadda ta auri sarkin gidanta a ɓoye, 'yan'uwanta maza suka sa aka kashe ta. Abin da Shekisfiya ya yi wasan dariya da shi, Webster ya yi na zubar da jini da shi.

Su wa suka fara dariyar?

Labari mafi daɗewa da muke da shi na nuna wasan ya zo ne daga littafin ajiyar wani ɗalibin koyon aikin lauya, John Manningham, wanda ya gan shi ranar 2 ga Fabrairu 1602 a zauren Middle Temple, ɗaya daga cikin makarantun lauyoyi na Landan. Abin da ya fi burge shi har ya rubuta shi ne dabarar da aka yi wa sarkin gidan. Ɗaliban wannan makaranta galibinsu 'ya'yan masu gonaki ne, waɗanda suka tashi a gidaje masu barori. Ashe dariyar farko daga sama ta sauko ƙasa. Malboliyo ya yi suna har a 1623 aka nuna wasan a fada aka rubuta shi da sunansa, kuma Sarki Calis na Ɗaya ya rubuta sunan nan da hannunsa kusa da sunan wasan a nasa kwafin.

Sunan wasan ma yana da magana. Daren sha biyu shi ne ƙarshen kwanaki 12 na bikin Kirsimeti, a farkon watan Janairu. A wannan lokaci akan naɗa sarkin wasa a manyan gidaje da makarantu, wani lokaci ta hanyar ɓoye ƙwayar wake cikin gurasar biki, wanda ya same ta shi ne sarkin dare. Yaro yakan yi mulki, babba ya bi. Wanda ya san tashe da sarautar Nalako a Kano, ko yadda samari kan naɗa sarakunansu a kalankuwa, ba zai ji abin baƙo ba, kuma ya san sharaɗinsa: sarautar ta wasa ce, in gari ya waye kowa ya koma inda yake. Al'umma takan yarda a juya ta na dare ɗaya don ta ƙara tsayawa daram sauran shekara. Malboliyo ya karya sharaɗin ta fuska biyu. Ya ƙi shiga wasan da aka halatta, sannan ya nemi juyin da ba ya ƙarewa da wayewar gari.

Ɗaki mai duhu

A nan ne nake ganin wasan ya fi ƙarfin mai cewa darasi ne kurum a kan girman kai. Da Shekisfiya ya tsaya a kan safar ɗorawa, da mun ce an yi wa mai ɗagawa maganinsa. Amma ya ci gaba. Aka ɗaure mutumin a ɗaki mai duhu, wanda shi ne yadda ake yi wa masu taɓin hankali a wancan zamani. Feste ya yi shigar limami ya zo yana gaya masa ɗakin cike yake da haske. Shi kuwa Malboliyo bai rikice ba. Ya dage cewa da hankalinsa, ya amsa tambayoyin da aka yi masa da natsuwa, abin da ya roƙa shi ne fitila da takarda da tawada don ya rubuta wa uwargijiyarsa. Har Sa Tobi ya soma neman hanyar da za a kashe maganar, ba don tausayi ba, don tsoron kada Olibiya ta kore shi. A ƙarshe Olibiya da bakinta ta ce an zalunce shi, Osino kuma ya aika a bi shi a ba shi haƙuri, amma ba mu ga ya dawo ba. Shi ya sa tun a farkon ƙarni na 19 wani marubuci, Charles Lamb, ya lura cewa akwai mutunci da ban tausayi a faɗuwar mutumin nan.

Me ya sa marubucin ya bar wannan ƙaya a cikin tuwon biki? Ba zan ce na shiga zuciyarsa ba, amma tarihinsa abin dubawa ne. Ɗan mai ɗinkin safar hannu ne daga garin Stratford. Sana'arsa kuwa, dokar 1572 ta ce ɗan wasan da ba ya ƙarƙashin wani basarake ɗan gararamba ne, hukuncinsa bulala da huda kunne da ƙarfe mai zafi. Duk da haka ya tara kuɗi daga 'yan kallo waɗanda wasunsu kwabo ɗaya suke biya su tsaya a tsaye, a 1596 aka ba mahaifinsa tambarin gida irin na masu asali, a 1597 ya sayi ɗaya daga cikin manyan gidajen garinsu. A 1602 ɗin nan, wani jami'in ofishin tambura mai suna Ralph Brooke ya yi ƙorafin an ba waɗanda ba su cancanta ba, ya sa sunan Shekisfiya a ciki. Mutumin da ya rubuta Malboliyo ya san ɗanɗanon a tuna maka asalinka.

Akwai kuma batun addini. Mariya ta kwatanta Malboliyo da 'yan Furitan, watau masu neman tsarkake cocin Ingila, waɗanda suke ƙyamar wasan kwaikwayo da shagulgula, ko da yake nan take ta janye ta ce shi ɗan bin iska ne kawai. Bai kamata mu mai da Shekisfiya boka ba, kuma 'yan Furitan ba barori ba ne, da yawansu manyan masu gonaki ne. Amma tarihi ya yi abin mamaki. A watan Satumba 1642, da yaƙin basasa ya ɓarke, Majalisa ta rufe gidajen wasa. A 1647 ta soke bikin Kirsimeti, a 1649 aka fille wa Sarki Calis kai, shi wanda ya rubuta sunan Malboliyo a littafinsa. Ba a sake buɗe gidajen wasa a hukumance ba sai 1660. Wanda ya san wannan ba zai ji alwashin Malboliyo da kunnen da Manningham ya ji shi ba.

Inda wasan ya gaza

Tarke ba ya cika sai an faɗi aibi. A ganina marubucin ya tayar da tambayar da ya ƙi amsawa. Ya nuna mana zaluncin, sannan ya yi sauri ya rufe shi da aure uku. Juyawar Osino daga Olibiya zuwa Bayola cikin ƙiftawar ido ba ta gamsar ba, haka ma auren Olibiya da mutumin da ba ta san ko wane ne ba. Sa Tobi, tushen ɓarnar, ya tashi da amarya. Ana iya cewa marubucin ya ci tuwon manya ne dole ya yi musu miya, ya bar Malboliyo ya fita da fushinsa don mai hankali ya gane. Ko ma dai yaya ne, an warware ƙullin tagwaye an bar na bara a ɗaure.

Kammalawa

Abu biyu nake so 'yan'uwa su ɗauka. Na farko, fassara takan ɗauko kalmomi da labari, amma ba ta iya ɗauko dokar tufafi ta 1574 ko dokar aure ta Ingila. Wannan aikin mai nazari ne, kuma in mun ƙi yin sa za mu riƙa liƙa wa kowane baƙon littafi karin maganar da ta fi kusa da bakinmu mu ce mun gano jigo.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikinmu a wannan jami'a 'ya'yan manoma ne da maƙera da masaƙa da 'yan tireda. Karatu ne ya kawo mu, kuma kowannenmu yana da tasa rigar karammiskin da yake mafarki, ko ta ranar yaye ɗalibai ko ta ofis. A zauren Middle Temple na 1602, kujerar wa za a ba mu? Ban ce kada a yi dariya ba, don wasan dariya ne kuma gwani ya rubuta shi. Ɗagawar Malboliyo abin dariya ce, kuma gargaɗi ce ga duk ɗan talakan da ya sami mabuɗai ya manta da na ƙasa da shi. Amma in dariyar tamu ta bara ya nemi girma ce, to mun ari bakin Sa Tobi mun ci wa kanmu albasa.

Wannan shi ne abin da na hango. Ɗan'uwan da ya yi maganar rawanin tsiya, da duk mai wani ra'ayi daban, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.